Gem Ɗin Faɗa, Lambar Shekaru da Ƙannenmu: Darasi Kafin Ranar Muhawara



Batun da ƙungiyar muhawara ta liƙa na wannan zangon shi ne: "Gem ɗin faɗa ne ke koya wa yaranmu daba." Mu 'yan ƙungiyar 'yan jarida mun lura cewa gardamar da ake yi a kansa lokacin tara ta cika zafi, hujja kuwa ta yi ƙaranci. Masu goyon baya suna cewa ai kowa ya sani. Masu suka suna cewa ai mu ma muna bugawa, ga mu nan lafiya lau. Duk maganganun biyu ba za su samo maki a gaban alƙalai ba, kuma ba za su taimaki uwar da ke son sanin ko ta bar ɗanta mai shekara bakwai ya bi yayansa gidan gem ba. Saboda haka muka tattaro abin da aka sani a kan batun. Kowane ɓangare zai sami makami a ciki, kuma kowane ɓangare zai tarar da abin da ba zai yi masa daɗi ba.

Wane gem ake nufi?

Wanda ya saba leƙa gidajen gem na wajejenmu, daga Ƙofar Ruwa zuwa Gwammaja, Dala da Kurna, ya san cewa ƙwallo ce sarauniya. PES da FIFA su ne ke cinye yawancin talabijin ɗin. Ba a kansu ake jayayya ba, ko da yake za mu dawo gare su, domin suna da nasu laifin.

Waɗanda ake nufi iri uku ne. Akwai na gaba-da-gaba, kamar Mortal Kombat, inda mutum biyu ke dakuwa, wanda ya yi nasara kuma a ba shi damar ƙarasa abokin karawarsa ta mummunar hanya, ko cire kai ko zaro zuciya. Akwai na yawo a gari, kamar GTA: San Andreas na 2004, inda mai bugawa yake zama ɗan gungun 'yan ta'adda, ya fizgo direba daga mota, ya doki mai tafiya a ƙasa, ya tsere wa 'yan sanda. Sai na harbi a waya, PUBG da Free Fire da Call of Duty. A PUBG ana zuba mutum ɗari a tsibiri, a Free Fire mutum hamsin, wanda ya rage da rai shi ya ci. Free Fire ta fi yaɗuwa a hannun yara ne saboda ƙaramar waya ma tana ɗaukarta.

Waɗannan ukun ba ɗaya ba ne, kuma mai muhawarar da ya zuba su a kwando guda ya ba abokin hamayyarsa ƙofa.

Inda lambar ta samo asali

A jikin kwalin faifan gem na asali akwai wata 'yar alama a kusurwa, ko lamba ko harafi. Mortal Kombat ɗin nan da muke bugawa yana cikin waɗanda suka jawo ta. Ya fito a Amurka a 1992. Da aka kawo shi na'urorin gida a 1993, kamfanin Nintendo ya mayar da jinin ya zama gumi mai launin toka, kamfanin Sega kuwa ya bar hanyar da za a danna wasu maɓallai jinin ya dawo. Na Sega ne ya fi kasuwa. Iyaye suka yi ca, har maganar ta kai Majalisar Dattawan Amurka, inda sanatoci biyu, Joe Lieberman da Herb Kohl, suka kira shugabannin kamfanonin a watan Disamba na 1993. Saƙon da aka ba su gajere ne: ku tsara yadda za ku riƙa faɗa wa iyaye abin da ke cikin kayanku, ko gwamnati ta tsara muku. A 1994 kamfanonin suka kafa hukumar ESRB. Turai ta fito da nata tsarin, PEGI, a 2003.

A lura da wannan, domin yana da amfani a muhawara: masu sayar da gem ɗin da kansu ne suka yarda cewa wasu kayansu ba na yara ba ne.

Yadda ake karanta ta

Kuskuren da ya fi yawa a tsakaninmu shi ne ɗaukar lambar a matsayin ma'aunin wuya. Sai ka ji yaro ɗan aji ɗaya yana cika baki wai shi gem ɗin 'yan sha takwas yake bugawa, kamar wanda ya tsallake aji. Lambar ba ta auna ƙwarewa. Abin da ido zai gani da abin da kunne zai ji take aunawa. Wasan dara na kwamfuta zai iya gagarar malamin lissafi, amma lambarsa 3 ce.

PEGI na da lambobi biyar: 3 da 7 masu launin kore, 12 da 16 masu ruwan goro, sai 18 ja. A 7 faɗan na wasan yara ne, ba ya kama da gaske. A 12 an ƙara zafi, amma ko dai dodanni ake duka ko kuma dukan bai yi kama da na zahiri ba. A 16 raunin ya yi kama da wanda za a gani a jikin mutum na gaske. A 18 kuwa an kai ga zub da jini mai tayar da hankali, kisa ba dalili, ko cin zarafin wanda ba shi da ikon kare kansa. A bayan kwalin akwai ƙananan hotuna masu bayyana dalili: dunƙulen hannu na nufin faɗa, gizo-gizo na nufin ban tsoro, allura na nufin ƙwaya, 'ya'yan ludo na nufin caca.

ESRB kuwa haruffa take amfani da su: E na kowa, E10+ daga shekara goma, T daga sha uku, M daga sha bakwai, AO na manya zalla. Galibin jerin GTA da God of War da sababbin Mortal Kombat M ne a Amurka, 18 a Turai. A Birtaniya, tun daga 2012, laifi ne mai shago ya sayar wa yaro gem mai lamba 12, 16 ko 18 idan shekarunsa ba su kai ba.

A waya ma akwai ta. Buɗe Play Store, duba kusa da taurari da adadin waɗanda suka sauke, za ka ga 3+, 7+, 12+, 16+ ko 18+. Sai dai a nan mai gem ɗin ne ke cike takardar tambayoyi da kansa, na'ura ta fitar da lambar daga amsoshinsa. Sannan babu lambar da ke iya auna abin da baƙon mutum zai faɗa wa yaro a kunne idan suna bugawa tare ta intanet.

Me ya sa lambar ba ta isowa Ƙofar Ruwa?

Nan ne gizo ke saƙar. Waɗanda suka tsara lambar sun yi tunanin abu uku: kwali, shago, da uba ko uwa mai biyan kuɗi. Uba ya ɗauki kwali, ya ga jan 18, ya mayar. A wajenmu duk ukun babu. Gem yana zuwa ne a cikin cikin na'ura, an riga an loda gomomi a kanta tun daga kasuwa, ko a kwafaffen faifai cikin leda, ko a turo shi daga waya zuwa waya kamar yadda masu turi ke tura fim. Kwalin ya tsaya a can ƙasar da aka yi shi. Ba a sayen gem ɗin, hayar 'yan mintoci ake yi. Mai biyan kuɗin kuma yaron ne da kansa, da canjin aike ko kuɗin tara.

Akwai abu na huɗu da Bature bai lissafa ba sam, wato 'yan kallo. A gidan gem, mutum biyu ne ke riƙe da hannun gem, amma a bayansu akwai yara tsaitsaye, wasu sun ɗage ƙafa, wasu suna leƙe ta labule. Masu bugawa ƙila sun kai sha bakwai. 'Yan kallon kuwa da ɗan shekara biyar, da almajirin da ya ajiye robarsa a bakin ƙofa, da yaron da aka aika sayen ƙusa a kasuwa ya ratse. Ba su biya ko sisi ba, ba wanda ya tambaye su shekaru, kuma duk abin da allon ya nuna sun gani. A gida ma haka ne: wayar ta yaya ce, amma ƙanne uku ne ke kwance a kafaɗarsa.

Ƙasarmu ba baƙuwar wannan tunani ba ce. Hukumar tace fina-finai ta ƙasa, wadda aka kafa da dokar 1993, tana sa wa fim alama irin su G, PG, 12, 15 da 18. Kano na da tata Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i tun 2001. A watan Satumba na 2021, lokacin shugabancin Isma'ila Na'abba Afakallahu, hukumar ta hana fina-finan da ke nuna garkuwa da mutane, shaye-shaye da ƙwacen waya, bisa hujjar cewa matasa na iya kwaikwaya. Wannan ita ce dai gardamarmu, sai dai a kan fim aka yi ta. Amma mai shirya fim ɗin Hausa yana nan cikin gari, ana iya kiransa ofis. Mai GTA yana wata nahiya. Lambar da ke kan gem ɗinmu da ma'aunin Amurka ko Turai aka buga ta, kuma abin da su ke ganin ya dace da ɗan sha biyu, ta fuskar sutura ko giya ko mu'amalar mace da namiji, ba lallai ne iyayenmu su yarda da shi ba. Lambar tana nuna mafi ƙarancin shekaru ne a idon waɗanda suka sa ta. Ba takardar izini ba ce.

Abin da masu bincike suka gano

Mu fara da Albert Bandura na Jami'ar Stanford. A 1961 ya sa ƙananan yara suka kalli wani babba yana jibgar wata 'yar tsana ta roba mai tashi idan an ture ta. Da aka bar yaran da 'yar tsanar, da yawansu suka jibge ta yadda suka ga an yi. Darasin shi ne yaro na koyo da ido. Masu goyon bayan batu za su so wannan. Masu suka kuma za su ce, ai 'yar tsanar an yi ta ne domin a doka, dukan roba daban, dukan mutum daban.

A kan gem kansa, sunan da ya fi fitowa shi ne Craig Anderson na wata jami'a a jihar Iowa. A 2010 shi da abokan aikinsa sun haɗa sakamakon bincike masu yawa da suka shafi mutum sama da 130,000, suka ce buga gem ɗin faɗa na da alaƙa da ƙaruwar zafin rai da raguwar tausayi. Babban mai ja da shi, Christopher Ferguson, ya haɗa bincike 101 a 2015, ya ce alaƙar ƙanƙanuwa ce ƙwarai, har ba ta kai a tayar da hankali a kanta ba. Abin mamaki, lambobin da ɓangarorin biyu suka samu ba su yi nisa da juna sosai ba. Fassararsu ce ta bambanta.

To yaya ake auna zafin rai a ɗakin bincike? Ba za a ba ɗalibi wuƙa a ce ya gwada ba. Wata hanya ita ce, bayan mutum ya gama buga gem, a ba shi dama ya aika wa abokin karawarsa ƙara mai ciwo a kunne, a duba yadda zai ƙure ta. Wata hanyar ita ce a ce ya zuba yaji a abincin wani da aka ce masa ba ya son yaji, a auna cokali nawa ya zuba. (Da a Kano aka yi wannan gwajin, da masu awara da ɗanwake sun rikita lissafin.) Wanda ya ƙara rabin cokalin yaji ya nuna mugunta kaɗan, gaskiya ne. Amma tsakanin wannan da zare ɗanbida a kan ɗan Adam akwai tafiya mai nisa.

Wannan bambancin shi ne zuciyar darasinmu. Zafin rai abu ne, kamar tsawa, zagi, ture ƙane, jefar da hannun gem. Ta'addanci abu ne daban, wato sara, suka, kisa. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta ce a 2015 akwai alaƙa tsakanin gem ɗin faɗa da na farkon. A 2020 ta sake fitar da matsaya, ta ce alaƙar tana nan amma ƙarama ce, kuma babu isasshiyar hujjar da za a ɗora wa gem alhakin na biyun. A 2019 Andrew Przybylski na Jami'ar Oxford da Netta Weinstein sun nazarci matasa 1,004 'yan shekara 14 da 15 a Birtaniya. Maimakon su dogara da bakin yaran kawai, sai suka tambayi iyayensu halin yaran, suka kuma auna faɗan da ke cikin kowane gem da lambobin PEGI da ESRB. Ba su ga alaƙa ba.

Ko inda aka ga alaƙar ma, sai an yi hattara. A Kano, cinikin ƙanƙara yana tashi a watannin da sanƙarau ke tashi. Ba ƙanƙara ke kawo sanƙarau ba, zafi ne ya haɗa su. Haka nan, ƙila gem ne ke sa yaro zafin rai, ƙila yaro mai zafin rai ne ke zaɓen gem ɗin faɗa, ƙila kuma gidan da ba a sa ido ne ke haifar da duka biyun. Duk wanda ya ce "na san wani yaro" a ranar muhawara, a yi masa wannan tambayar.

Maganar ta je har Kotun Ƙolin Amurka. Jihar Kalifoniya ta yi doka a 2005 ta hana sayar wa yara gem mai tsananin faɗa. A watan Yuni na 2011 kotun ta soke dokar da rinjayen alƙalai bakwai a kan biyu. Alƙali Antonin Scalia, wanda ya rubuta hukuncin, ya nuna cewa tatsuniyoyin da Turawa ke karanta wa 'ya'yansu ma cike suke da kisa. Mu ma da Dodonmu mai haɗiye mutane. Sai dai kada masu suka su wuce gona da iri: kotun ba ta ce gem ɗin na da kyau ga yara ba. Cewa ta yi tsarin mulkinsu bai ba gwamnati ikon hanawa ba, kuma hujjar da aka kawo ba ta isa ba. Masu suka na iya ƙarawa da cewa laifukan ta'addanci na matasan Amurka sun ragu sosai daga tsakiyar shekarun 1990, daidai lokacin da cinikin gem ke hauhawa, kuma Japan da Koriya ta Kudu, inda gem ya zama ruwan dare, suna cikin ƙasashe masu ƙarancin kisan kai. Hujja ce mai kyau, amma ita ma dokar ƙanƙara da sanƙarau ta hau kanta.

Ga makamin da ya rage wa masu goyon baya, kuma mai kaifi ne. Galibin wannan bincike a Amurka, Turai da Japan aka yi shi, kuma yawanci a kan matasa da ɗaliban jami'a. Ba wanda zai yarda a zaunar da ɗan shekara shida gaban gem mai lamba 18 domin gwaji. Ke nan sakamakon da ya wanke ɗan sha biyar na Birtaniya bai ce komai a kan ƙaramin ɗan kallon nan da ke leƙe ta labule ba.

Daba ta girmi gem

Batun muhawarar ya ambaci daba, to a nan yake da rauni. Iyayenmu da kakanninmu sun san 'yan daba tun babu talabijin a yawancin gidajen birni, balle PlayStation. Masana tarihin Kano suna danganta su da ƙungiyoyin farauta da kuma rikicin siyasar NEPU da NPC na shekarun 1950. Abubuwan da ke rura wutar a yau ma sanannu ne: ƙwaya, zaman banza, gabar unguwa da unguwa, da 'yan siyasar da ke neman matasa gab da zaɓe su watsar da su bayansa. Wanda ya tare mutum a lungu ya ƙwace waya ba a allo ya koyi inda ake sayar da ita ba.

Kuma mu ba baƙin wasan ƙarfi ba ne. Muna da dambe, inda kayar da abokin karawa ma "kisa" ake ce masa. Muna da kokawa, da 'yan tauri masu gwada wuƙa a jiki, da sharon Fulani. Yara kuma da langa. Masu suka za su ce, tunda dambe bai mayar da 'yan kallonsa makasa ba, me zai sa gem ya yi? Tambaya ce mai kyau, amma a duba yadda magabata suka tsara waɗannan wasannin. A dambe akwai alƙali mai raba faɗa, akwai manya a gefe, ba a haɗa yaro da ƙato, wanda aka "kashe" yana tashi a gaisa, kuma mai naushi ya san zafin naushi domin shi ma yana sha. Wato suna da lambar shekarunsu, ba su dai rubuta ta ba. A GTA kuwa wanda aka take da mota bai shigo fili da niyyar wasa ba, babu mai rabawa, mai bugawa ba ya jin zafi, wani lokaci ma kuɗi ke zubowa daga gawar. A ganinmu wannan ne ainihin abin dubawa, ba yawan jan launi a allo ba: wa ake duka, don me, kuma mene ne ladan mai dukan?

Yanzu mu dawo kan ƙwallo. Duk wanda ya zauna a gidan gem ya san cewa rigimar da ke kai ga cakumar kwala ba kasafai take tashi a kan Mortal Kombat ba. A kan PES take tashi, musamman idan an yi sharaɗin wanda aka ci shi zai biya, ga 'yan kallo na yi masa ihu. Bincike ma ya taɓo wannan. A 2011 Paul Adachi da Teena Willoughby a Kanada sun gwada gem iri-iri, suka ga cewa zafin gasa ya fi jinin da ke allo tasiri wajen harzuƙa mai bugawa. Idan kuɗi ya shiga tsakani kuwa, an bar wasa an kama hanyar caca.

Ɓarnar da ba a muhawara a kanta

Da mu ne muka zaɓi batun, da a kan lokaci muka sa shi. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sa jarabar gem cikin kundin cututtuka, wanda ya fara aiki a Janairun 2022. Alamominta uku ne: mutum ya kasa tsayar da kansa, gem ya ture sauran al'amuran rayuwarsa, kuma ya ci gaba duk da ya ga ɓarnar, yawanci har tsawon shekara guda. Hukumar ta ce kaɗan ne daga masu bugawa ke kaiwa nan. Amma tun kafin a kai nan akwai gyangyaɗi a darasin farko, akwai tsallake Islamiyya, akwai canjin cefane da ke ɓata, akwai kuɗin data da na sayen kaya a cikin Free Fire. Malamanmu sun fi mu sanin fuskokin.

Wasu ƙasashe sun ɗauki sanda. A watan Agusta na 2021 ƙasar Sin ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 gem ɗin intanet zuwa awa ɗaya, daga ƙarfe takwas zuwa tara na dare, a ranakun Juma'a, Asabar, Lahadi da ranakun hutu. Nepal da Iraƙi sun hana PUBG a 2019, ko da yake kotun Nepal ta dakatar da hanin ba da jimawa ba. Gargaɗi ga masu goyon baya: kada ku kawo Indiya a matsayin hujja. Ta hana PUBG a 2020 da Free Fire a 2022, amma dalilin da ta bayar na tsaron bayanai ne, ba na faɗa ba. Abokin hamayya da ya san haka zai kwance muku zani a kasuwa.

Inda muka tsaya

Mu dai ba mu ga hujjar cewa gem na mayar da yaro ɗan daba ba, kuma muna tsoron kada a rataya wa allo laifin ƙwaya da rashin aikin yi, manya su sami wurin fakewa. Amma ba mu yarda da masu cewa babu komai ba. Kamfanin da ke neman kuɗinka ne ya rubuta 18 da jan launi, ba malamin tarbiyya ba. Ɗan babbar sakandare da ya buga awa guda ranar Asabar, da ɗan firamare da ke tsaye kullum yana kallon ana zaro zuciya, ba a mizani ɗaya suke ba.

Tunda kwali da shago ba su iso mu ba, aikin lambar ya faɗo a kan mutum biyu. Na farko shi ne yaya. A yawancin gidajenmu Baba bai san bambancin FIFA da GTA ba, Umma kuma ƙarar harbi kawai take ji daga ɗaki. Mu ne muka sani. Wanda ya iya loda gem ya iya shiga saitin Play Store ya kunna makullin iyaye ya zaɓi iyakar shekaru, ko ya sa Family Link a wayar da ƙanne ke ɗauka. PlayStation ma na da irin wannan makulli. Na biyu shi ne mai gidan gem. Ba sai an rufe masa sana'a ba. Zai iya juya talabijin ɗin gem ɗin manya ya ba ƙofa baya, ya bar na ƙwallo a gaba, ya kuma ƙi karɓar yaro mai kayan makaranta a lokacin karatu. Wannan magana ce da mai unguwa da ƙungiyar iyaye da malamai za su iya zama su yi da su, domin masu gidajen 'yan unguwa ne, wasu ma yayyenmu.

Aikin gida

Kowa ya duba gem uku da ke wayar gidansu, ya rubuta lambar kowanne da dalilin da aka bayar a ƙarƙashinta, sannan ya rubuta shekarun mafi ƙanƙantar yaron da ke kallo idan ana bugawa. Ba sai an sa suna ba. A jefa takardar a akwatin ƙungiya da ke bakin ofishin malamai kafin ranar Alhamis. 'Yan babban aji kuma su gwada sake rubuta batun muhawarar yadda zai raba zafin rai da ta'addanci, ya kuma faɗi shekarun yaran da ake nufi. Za mu liƙa jimloli ukun da suka fi ma'ana a fitowa ta gaba, tare da abin da akwatin ya nuna.